Turba ba ta da takarda

Mafi yawan mutane ta tagar mota suka san Takieta. Wanda ya taso daga Maraɗi ko Tasawa zai shiga Damagaram, in ya iso nan sai ya gyara zama, ya san saura masa kimanin kilomita 50. Mai zuwa Kano kuwa nan yake barin babbar hanya ya yi kudu, ya bi ta Kance da Matamaye har bakin iyaka. A tsaya a sayi tsire ko rake, a sha ruwa, direba ya yi oda, a wuce. In ka tambaye su me ke akwai a Takieta sai su ce ai mararraba ce. Gaskiyarsu, iyakar abin da godro ya nuna musu ke nan.

Amma daga bayan gidajen ƙarshe na gari, ta kowace kusurwa, akwai wasu hanyoyin da ba su cikin taswirar kowa. Akwai turba, ƴar siririya, wadda ke ratsa gonaki ta kai ka rijiya ko ƙauyen gaba. Akwai hanyar amalanke mai sawu biyu da ciyawa a tsakiya. Akwai burtali, wanda aka bar wa dabbobi tun kaka da kakanni, wani wurin har da shingen aguwa dama da hagu. A kan waɗannan hanyoyi ne ƴan lakwal ɗinmu suke zuwa kowace safiya. A kansu ake kai amarya, a kansu ake ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare, a kansu ake zuwa gaisuwar mutuwa. Kuma duk shekara suna ƙara tsukewa, ba wanda ya ce uffan.

Shekaru da dama ke nan nake fita da ƴan ajina, manyan, na CM, mu bi ɗaya daga cikinsu da ƙafa. Ba ma fita sai an gama kaka, an kwashe dammuna an zuba a rumbu, hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki. Lokacin ɗari ya sauka, rana ba ta da zafi, kuma ba wanda zai ce mun tattake masa wake. Mu tashi da hantsi mu dawo kafin azahar. Kowane yaro da gorar ruwansa da littafi da fensir, ni kuma da wata doguwar igiya da muka yi wa ƙulli a kan kowace mita. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya.

Farkon da na soma, wani dattijo da jikansa ke ajina ya tare ni bayan sallar la'asar. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sa'an nan ya ce:

"Mushe, yaron nan kullum sai ya taka tafiyar da ni ba na iya ta yanzu kafin ya iso gare ku, ya sake taka ta ya koma. Ranar da ba lakwal shi ke kora awaki. Yanzu kuma tafiyar ce za ku koya masa? Mu karatu muka kawo shi."

Na ce, "Baba, gaskiyarka. Amma ina roƙon alfarma. Wannan fitar ka zo ka shige mana gaba. In ka ga yawon banza ne, kai za ka faɗa, ni kuma in bari."

Maganarsa ba ta wasa ba ce, kuma har yau duk uban da ya yi mini irinta ba na ganin baƙinsa. Ɗan talaka a ƙasar nan bai rasa tafiya ba. Sai dai jaki ma ya san hanyar gida. Yaron da ya bi turba sau dubu zai kai ka ƙauyensu ido rufe, amma tambaye shi wa ya haƙa tsohuwar rijiyar da ta cike a gefen hanya, ko me ya sa hanyar ta yi kwana a inda babu dutse babu rami, sai ya dube ka kamar ka yi masa Larabci. Ranar da dattijon nan ya zo, tun daga bakin gari bai rufe baki ba. Ya nuna musu layin gamba da aka dasa don ya raba gona da gona, ya ce wanda ya tuge shi ya tuge zumunci. Ya nuna musu wani fili da ya ce nan ayarin Azbinawa ke sauka da rani da raƙumansu da gishirin Bilma, mai gona har hatsi yake ba su don su daɗe su bar masa taki. Kwanar da hanyar ta yi kuwa, ashe wata kuka ce ta taɓa tsayawa a wurin, ta faɗi tun yana saurayi, hanya kuma ta ci gaba da kewaye ta. Jikan nasa ya yi ta kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Abin da ke damuna da lakwal ɗinmu ke nan. Ba mu taɓa cewa yaro ya raina kakansa ba, amma shekara shida yana ganin ilimi shi ne abin da aka rubuta a allo da Faransanci, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa abin da ke bakin tsohon gidansu hira ce kawai.

In kuka fita ƙasarmu da rani, musamman in kuka nufi kudu wajen Kance da Matamaye, abin da ido zai fara kamawa shi ne gawo. Ƙasa ce mai jigawa, tudu ya hau ya gangara, ya sake hawa, kara a zube, komai ya yi fari fat, amma ga itatuwa nan kore shar, ɗaya nan ɗaya can, har iyakar gani. Baƙo zai ɗauka daji ne. Kowane gindi a gonar wani yake, kuma wani ne ya yanke shawarar ya bar shi.

Nakan tsayar da yara a gindin gawo in tambaye su me ya bambanta shi da sauran itatuwa. Ba a daɗewa wani zai ce shi da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo. Duk sun sani, sai dai ba su taɓa bin zaren ba. To mu bi shi. In ya kaɗe ganye da damina, ashe ba ya tare wa gero rana, kuma ganyen da ya zubar ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Saiwarsa tana nitsawa can ƙasa, ba ta rabon ruwan sama-sama da hatsi. Dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi. Da rani kuma, da inuwa ta yi wuya, shanu da tumaki gindinsa suke kwanciya, suna cin ƴaƴansa da suka faɗo, suna zuba kashi da fitsari a wurin. Shi ya sa duk manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta sarari. Wannan darasin kimiyya ne cikakke, kuma yara da kansu suke harhaɗa shi, ni tambaya kawai nake jefawa.

Akwai tambayar da nake ajiyewa sai ƙarshe: wa ya shuka shi? Su ce Allah. In ce haka ne, to ta hannun wa? Sai in sa su tona busasshen kashin akuya ko na saniya da tsinke. Ƙwayar gawo tana da tauri, in ta faɗi a ƙasa haka nan takan daɗe ba ta tsira ba. In dabba ta ci, ta bi ta cikinta, ɓawon ya yi laushi, ta fito da takinta a jikinta, ruwan farko sai ta tsiro. Ke nan garken da ya biyo burtali ya bazu a gonaki bayan kaka, shi ne mai shukar. Ranar da wani yaro ya tsinci ƙwayar a cikin kashin akuya ya ɗaga ta sama yana ihu, sai da makiyayin da ke nesa ya juyo ya ga ko lafiya. Ni kuwa tun daga nan nake cewa duk mai son gawo a gonarsa amma yana cin burtali, reshen da yake zaune a kai yake sara.

Mutanen Damagaram sun daɗe da sanin darajar wannan itace. An ruwaito cewa Sarki Tanimu, wanda ya yi wa birni ganuwa, ya kuma yi mulki har 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har ana cewa wanda ya sare shi ba da izini ba a bakin ransa. Ko yaya aka zartar da ita, abin lura shi ne sarkin da aka sani da yaƙi da igwa da fatauci tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus ya ga cewa ƙarfin ƙasarsa yana rataye da wani itace mai ƙaya da ke tsaye a gonakin talakawa.

Daga nan ne igiyar tamu take shiga aiki. Mukan zaɓi gona, mu nemi izinin mai ita, mu auna mita 100 ta nan, mita 100 ta can, yara su ga hekta da idonsu, ba a allo ba. Sai su ƙirga gawon da ke ciki, su zagaya kowanne da igiya su rubuta kaurinsa. Tsawo kuma da inuwa muke samo shi: a kafa sanda mai mita ɗaya, a auna inuwarta, a auna ta itacen, sauran lissafi ne. Yaran da ke kuka da wannan lissafi a aji, a gindin gawo sai ka ga suna rige-rige.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke fitowa in muka jera alƙaluman. A yawancin gonakin da muka auna, za ka sami ƴan ƙalilan manya-manya, waɗanda sai yara uku ko huɗu sun haɗa hannu suke zagaye su. Za ka sami matasa da yawa, masu kaurin cinya ko ƙugun mutum. Na tsakiya kuwa, waɗanda ya kamata a ce su ne iyayen matasan nan kuma ƴaƴan tsofaffin, sun yi ƙaranci. Kamar ka shiga gari ka tarar da tsofaffi da yara, babu magidanta. Sai in ce da yara, to ina suka tafi?

Amsar tana cikin tarihin da iyayensu suka rayu a ciki. A 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar gandun daji a ƙasashen da suke riƙe da su a Afirka ta Yamma, bayan samun ƴancin kai kuma dokar 1974 ta bi sawunta. Gawo yana cikin itatuwan da aka hana taɓawa. A takarda kariya ce. A gona kuwa ma'anarta ita ce itacen da ke cikin gonarka ba naka ba ne, in ka sare reshe don ka yi wa rumbu gyara, ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara. To wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa sassabe ɗan tsiro tun yana ƙarami, kafin ya zama magana. Ga noman gyaɗa da ya so gona fes. Ga farin 1973 da 1974, ga na 1984 wanda mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari, lokacin da aka yi ta sassaka rassa don dabbobi su rayu, aka yi ta sayar da itace don a sayi tiya ɗaya ta hatsi. Waɗannan shekarun su ne giɓin da igiyarmu take nunawa.

Matasan kuma labarinsu ya fi daɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tsiro. A wajen Maraɗi wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta jan hankalin mutane cewa kututturan da ke gonakinsu ba su mutu ba, in aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka gyara aka bar su, za su zama itace, abin da aka riƙa kira sassabin zamani. A nan jihar Damagaram, musamman Magariya da Matamaye da Mirya, mutane suka yi nasu da gawo, maƙwabci yana gani wajen maƙwabci. Hannun hukuma ya yi sauƙi, dokar 2004 ta zo, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman da ta amince cewa itacen da manomi ya rena yana da haƙƙi a kansa. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Duniya ta yi ta magana a kai. Ƴaƴan waɗanda suka yi aikin da hannunsu kuwa suna zaune a gabanmu a aji, yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu. Duk ranar 3 ga Agusta manya su sa fararen kaya su dasa ƴan itatuwa a gaban kyamara, madalla, amma wanda ya sunkuya da hauya ya kauce wa ɗan gawo bai sare shi ba, shi ba a ɗaukar hotonsa.

Wata shekarar mukan nufi gandun dajin Takieta. Turawa ne suka keɓe shi a shekarun 1950, faɗinsa hekta 6,720, kuma a yankin da kusan ko'ina ya zama gona, shi ne babban filin da ya rage wa dabbobi. Ya taɓa lalacewa ƙwarai, kowa na ɗiba ba mai kula, gonaki suna shigarsa ta gefe-gefe, har aka soma zancen a cire shi daga gandun hukuma a huta. Daga 1995 zuwa 2000 ƙungiyar SOS Sahel tare da ma'aikatar gandun daji suka gwada wata hanya: a tara duk masu amfani da shi, manoman ƙauyukan kewaye, da Fulani da Buzaye masu zuwa da tafiya, da mata masu itace, su zauna su tsara yadda za a riƙe shi. Daga nan aka sami ƙungiyar Ku Tayani. Abin da nake so yara su gani a nan shi ne abin da ba na mutum ɗaya ba ma yana iya samun mai shi, in mutane sun yarda su zauna. A cikin gandun kuma suke haɗuwa da itatuwan da suka yi ƙaranci a gona. Sabara da geza da kalgo kowa ya sani. Amma akwai yaran da sai a nan suke fara jin an kira wani itace da sunansa.

A irin wannan fitar na gane cewa dattijo namiji shi kaɗai bai isa jagora ba. Mata suna da nasu hanyoyin, na itace da na ganye, kuma abin da suke gani daban ne. Wata tsohuwa da ta raka mu ta tsaya a gaban anza, itacen da yara ke wucewa ba su ko kalla, ta ce da su, "Jikokina, ku gaishe ta, ita ta riƙe iyayenku." Ta kwatanta musu yadda ake jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a shekarar da rumbu ya zama wayam. Ta nuna musu yaɗiya, ta nuna inda tafasa ke fita da damina. Ƴan matan ajin, waɗanda ba su cika buɗe baki a gabana ba, ranar su suka fi kowa tambaya.

Tirmini ta yi mana nisa da ƙafa, sai dai in yi wa abokan aikina na can kwaɗayi. A ƙarshen watan Yuli na 1899 a ƙasarsu ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa, aka rinjaye su, birni ya faɗi. Muna sa yara su haddace shekarar don jarrabawa. Waɗanda ke kiwo a kan tudun da abin ya faru sun cancanci a kai su su tsaya a wurin.

Yadda hanya ke mutuwa ba shi da hayaniya. Ruwan shuka ya sauka, mai gonar dama ya ƙara layi ɗaya a gefen turba, na hagu ya ga haka shi ma ya ƙara. Layi ɗaya me zai rage? Shekara goma, inda jakai biyu da kaya suke giftawa sai mutum ya bi a karkace. Ban ce mugunta ba ce. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17, jiharmu kaɗai miliyan 3 da rabi. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau ƴaƴa da jikoki sun raba ta gado, kowa da iyali. Mai bakin ciyarwa goma in ya ga taki ɗaya na ƙasa a banza, ransa zai biya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sabon salo: ma'aikata irinmu da ƴan kasuwa daga birni su sayi gona, su zagaye ta da waya, turbar da ta ratsa ta tun kafin a haife su ta mutu rana ɗaya. Shi takardar saye gare shi. Turba ba ta da komai sai ƙafafun masu bin ta da bakin dattawa.

Burtali aƙalla yana da doka a bayansa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar makiyaya ta 2010 kuma ta ce zirga-zirgar dabbobi haƙƙi ce, kuma hanyoyinsu dukiyar jama'a ce, ba a mallake su. Wasu manyan burtulla har an kafa musu turakun siminti. Duk da haka ana ci, kuma mun san abin da ke biyo baya: saniya ta leƙa gona, sanda ta tashi, a kwana a gaban alƙali ko a asibiti.

Mu malamai ta wata ƙofa abin yake shigo mana. Ana komawa lakwal a watan Oktoba, gero na tsaye ya fi mutum tsawo. Turbar da ta tsuke takan zama kamar rami tsakanin bango biyu, raɓa ta jiƙa yaro har wuya, ba ya ganin gabansa ba a ganinsa. In waya ta toshe ta kuma, sai a kewaya, tafiya ta ninka. Namiji zai daure. Yarinya ƴar shekara goma sha biyu kuwa, uwarta za ta ce ba ta yarda ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Sai a ce bari a gama girbi tukuna. A gama girbi an wuce ta da wata guda, ta zo tana jin kunya, ta soma fashi, kafin ƙarshen shekara an ja layi a kan sunanta. In ana taron dalilan da ke hana ƴan mata karatu, ana kawo auren wuri da talla da talauci, duk gaskiya ne. Ban taɓa jin an ambaci faɗin hanya ba.

A Ingila, inda mutane ke tafiya a ƙasa don shan iska kawai, sai da aka yi rigima kafin hanyoyin ƙafa su sami takarda. A 1932 ma'aikatan masana'antu daga Mancesta suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout da gangan, alhali masu ƙasar sun hana, har aka ɗaure wasu daga cikinsu. A 1949 aka yi dokar da ta tilasta wa hukumomin yankuna su zana kowace hanyar ƙafa a taswira, mutanen ƙauyuka da ƴan sa-kai suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna rubutawa. Yau hanyar da ta shiga taswirar nan, ko ta tsakiyar gonar alkama ta bi, manomi yana iya nome ta amma dole ya maido da ita cikin mako biyu. A Faransa tun 1947 suke shafa ja da fari a jikin itatuwa da duwatsu don mai tafiya kada ya ɓata. Su fa don nishaɗi suka yi wannan wahala.

Ba sai mun jira furoje ba. Abin da muke yi a ajina, kowace fita yara sukan zana hanyar da muka bi a babbar takarda, da rijiyoyinta da manyan itatuwanta da sunayen da dattawa suka ba mu. A wasu wurare da ba sa ɓata, kamar gindin tsamiya ko bakin rijiya, mu shimfiɗa igiya mu auna faɗin hanyar, mu rubuta da kwanan wata. Kwafi ɗaya ya zauna a lakwal, ɗaya mu kai wa mai gari, tunda shi ke shugabantar kwamitin filaye na ƙauye. Baɗi wani ajin ya sake aunawa a wuraren nan. Wanda zai gwada, ya nemi yardar darakta da ta kwamitin iyaye, ya sami babba na biyu, in ajin ya yi yawa ya raba shi biyu. A gargaɗi yara su gaida duk wanda suka tarar, kuma kada su tsinci ƴaƴan gawo a gonar mutane, don yanzu kuɗi ne, a buhu ake kai su kasuwa. Ƙarangiya kuwa ba ta da magani sai haƙuri.

Abu ɗaya ne nake tsayawa a kansa da ƙarfi: ba a rubuta sunan mai gona. Malami ba alƙali ba ne, kuma ba za mu mai da yara masu kai ƙarar iyayensu ba. Bara muna aunawa a wani wuri da hanyar ta ragu sosai a kan awon da ƴan ajin baya suka bari, sai wata yarinya ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Mushe, nan gonar babanmu ce." Na ce na ji, riƙe bakin igiyar. Ta riƙe, muka karanta, muka rubuta lamba da kwanan wata, muka wuce.

Bayan kwana uku sai ga uban a ƙofar aji. Na fito muka gaisa, na kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya ce an ce akwai takardar da aka zana hanyarsu, yana son ya gani. Na shimfiɗa masa ita a kan tebur. Bai yi lakwal ba, amma ya gane tsamiyar, ya gane rijiyar, ya bi zanen da yatsa har inda gonarsa take. Ya tambayi lambar da, na faɗa masa, ya tambayi ta bana, na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Mushe, ai ko ta farkon ba ita ba ce. Lokacin da mahaifina ke da rai, amalanke na bi ta nan da dammuna, mutum kuma ya wuce ta gefe bai goga ba. Ku tambayi liman, ya sani." Ya ce a rubuta wannan ma a jikin takardar, don na baya su san asalin faɗinta. Na kira ƴarsa ta kawo fensir, ita ta rubuta.